Lambun da Na Auna wa Uwar Ishaya

Litinin, 9 ga Mayu, 2005, da hantsi

Ina so in shimfiɗa al'amarin yadda yake tun daga farko, domin kada nan gaba a ce tsufa ya sa na rikita shi. Ni ne Dawuda, Saje Manjo mai ritaya, ina zaune a gidana a Zuru tare da matata Magdalene, wadda nake kira Uwar Ishaya. Ɓarin jikinta na dama ya shanye a makon Ista. Ta dawo daga asibiti tana iya zama, hannun hagu yana aiki, magana kuma tana fita kaɗan-kaɗan. Daga nan sai abin ranar Alhamis ya faru. Ba zan rubuta shi ba. Unguwa ta riga ta gama da shi da baki.

Jiya bayan sujada 'ya'yanmu biyu suka zaunar da ni a ɗakina, Ishaya da yake koyarwa nan Zuru, da Beatrice da take aikin jinya a Bena. Sun shigo da hukuncinsu a ƙulle: a ɗauki uwarsu a kai ta Bena. Ishaya ya ce, "Baba, ba laifinka muke gani ba." Ba a faɗin haka sai an riga an ga laifin. Na tuna musu cewa damina bakwai na yi ina golmo, ina noma gonar kakansu kamar yadda al'adarmu ta ɗora wa saurayi kafin a ba shi mata, kuma ba a ba ni ita domin in miƙa wa motar Bena ba. Beatrice ta ce, "Baba, golmo ya ƙare tun ba a haife mu ba. Yanzu maganar ran Mama ake yi."

Ga inda aka tsaya. An ba ni zuwa Lahadi ta farko a watan Yuni in nuna cewa za ta iya fita lambunta na ƙuryar gida, ta taɓa shukarta, ta dawo ba tare da hatsari ba, tunda kowa ya san ba mai hana ta zuwa can. Idan na kasa, ta tafi. Ni da na horar da ɗaruruwan samari, yau ni aka ba wa wa'adi.

Laraba, 11 ga Mayu, da la'asar

Na tsaya cikin lambun nata na dube shi da idon aiki. Kubewa nan, yakuwa can, gauta ta hau kan rama, kunya ta karkace kamar hanyar maciji. Shekara da shekaru haka take shuka, duk inda hannu ya faɗi. Mai ƙafa biyu ma sai ya yi hattara a ciki.

Bara waccan wani malamin gona ya koyar da mu wata dabara a majami'a, kuma na riƙe ta. Ana gina fangali mai tudu, a raba shi da igiya gida-gida kamar filin dara, kowane gida ƙafa ɗaya tsawo, ƙafa ɗaya faɗi. Kowace shuka da adadinta. Tumatir ɗaya a gida, tattasai ɗaya, kubewa ɗaya. Alayyafo huɗu, albasa tara, karas goma sha shida. Ba a taka ƙasar, daga gefe ake miƙa hannu. Mutanen da suka halarta sun yi dariya a ranar. Ni ban yi ba, domin na ga tsari.

Majami'a ta ara mana keken marasa lafiya. Na auna faɗinsa da tsohuwar sandata ta awon taku a fareti, ya ɗan gaza taku ɗaya. Saboda haka hanya za ta zama ƙafa uku. Sannan na auna hannunta na hagu, daga kafaɗa zuwa yatsa, tana zaune. Ƙafa biyu take iya kaiwa ba tare da ta sunkuya ba. Ta dube ni ina riƙe da sandar a kan hannunta, ta ce, "Soja?" Gefen bakinta mai lafiya ya yi murmushi. Na ce mata, "An ɗauke ki, Uwar Ishaya."

Ga tsarin. Fangali biyu, kowanne faɗin ƙafa biyu, tsawon ƙafa takwas, hanya a tsakani. Idan ana tura ta ciki, na farko yana hannunta na hagu. A gaban rijiya keke ya juya, idan ana dawowa na biyu ya zama a hagunta. Babu gida ko ɗaya da hannunta ba zai kai ba. Bari Beatrice ta nuna mini irin wannan a Bena.

Asabar, 14 ga Mayu, da safe

Na kafa turaku, na ja igiya. Layin hanya ya faɗa daidai kan shuwakarta.

Maƙwabcina Malam Muntaka, mai sayar da dawa a kasuwa, ya leƙo ta kan katanga kamar yadda ya saba shekara talatin.

Ya ce, "Manjo, mi kake yi haka? Fareti za ka koya wa albasa?"

Na ce, "Albasa ta fi wasu mutane jin umarni."

Ya sauko ya zagayo, ya bi igiyar da ido har gindin itacen, ya tsaya. Ya ce, "Wagga shuwaka fa? Ka lanƙwasa hanyar ta kewaye ta mana. Ko hanyar Sakkwato tana da kwana."

Na bayyana masa cewa idan hanya ta kauce da ƙafa ɗaya da rabi, gidaje shida sun tafi, kuma keke zai riƙa gogar bulo a wurin kwanar. Na ce na ware wa shuwaka gida a kusurwa, za a samo sabon reshe a dasa.

Ya ce, "Sabon reshe daga ina? Manjo, gindin wagga matata Larai ta iske Uwar Ishaya kwance ranar Alhamis, rana ta raba, kai kana can taron tsofaffin soja. Da jan ciki ta zo har nan. Ba wurin gauta ta zo ba."

Na ce masa na gode da ziyara.

Lahadi, 15 ga Mayu, da azahar

Matan zumunta sun yi mata addu'a a majami'a. Ni aka kalla.

Litinin, 16 ga Mayu, da yamma

Na san tarihin itacen nan, ba sai wani ya koya mini ba. Ranar da aka kawo mini ita, uwarta ta karya reshe daga shuwakar gidansu na kan tudu ta sa mata cikin kaya. Ta dasa shi a gwangwani a barikin Kaduna. Da aka mayar da mu Ibadan ta karya ta tafi da shi, haka Inugu, haka Jos, gwangwani bayan gwangwani, har muka dawo gida ta sa shi a ƙasa. Gidan nasu na kan tudu ya zama kufai, ko katanga babu.

Duk wannan na sani. Na kuma san cewa itacen nan ne ya jawo mace mai rabin jiki daga kan gado zuwa cikin rana. Muddin yana nan a tsakiyar kunya, zai sake jawo ta. Itace ba ya jinyar kowa. Ni nake juya ta a kan gado, ni nake ba ta kunu da cokali.

Talata, 17 ga Mayu, da hantsi

Hanya ta miƙe daga ƙofa har rijiya. Na kafa zana a bakin lambun, domin kada ta ga aikin sai ya kammala.

Alhamis, 19 ga Mayu, da la'asar

Bulo biyu-biyu ya isa, ya zo daidai gwiwarta idan tana kan keke. Na zuba tsakuwa a ƙasa saboda ruwan damina ya riƙa tsiyayewa, sannan ƙasar fadama da tsohon takin akuya, na cuɗa sosai. Bayana ya yi ciwo. A gonar surukina na yi kwanaki da suka fi wannan, amma a lokacin akwai ganga, akwai samari goma sha biyu a layi ɗaya da ni, akwai kuma wadda take kawo ruwa a ƙwarya tana yi kamar ba ni ta kawo wa ba.

Da nake wanke mata hannu ta ce, "Shuwaka. Ruwa?"

Na ce, "Lambu yana samun ruwa."

Asabar, 21 ga Mayu, da safe

Na raba gidajen. Dogayen shuka a layin baya, jikin katanga, domin kada su tare wa gajeru rana: tumatir huɗu, kubewa shida, tattasai uku, gauta biyu, sai gidan kusurwa da na bari. A layin gaba, inda yatsunta za su fi saurin kaiwa, alayyafo da albasa da karas da latas. Tumatir da tattasai dashe na samo a wurin masu lambun bakin rafi. Albasa kuwa na yi wa kowane gida huda tara da ɗan tsinke, uku-uku, tazara ɗaya. Na sake gida biyu saboda hudar ta karkace.

Ishaya ya zo a kan babur ɗinsa ina cikin wannan. Ya tsaya a bakin zana da takalminsa mai sheƙi.

Ya ce, "Baba, sannu da aiki. Amma ka san ko ka gina mata lambun Adnin, wa zai ɗaga ta idan kai ka faɗi?"

Na ce, "Wanda yake ɗaga ta yanzu."

Ya ce, "Shekararka saba'in."

Na ce, "Na gode da ka tuna mini. Na ɗauka ashirin ce."

Ya zagaya ya duba, ya ce layin ya yi kyau. Ya tsaya da ƙafarsa daidai wurin da shuwakar take a da, yana mini bayanin hawan jini. Yaron da aka yi wa wanka da ganyen itacen nan lokacin da zazzaɓi ya kusa ɗauke shi a Ibadan, bai ko lura babu shi ba. To idan ɗanta bai lura ba.

Talata, 24 ga Mayu, da yamma

An yi ruwa mai ƙarfi. Fangali bai riƙe ruwa ba, igiya ba ta motsa ba. Ta sake tambaya. Lambu yana samun ruwa.

Alhamis, 26 ga Mayu, da hantsi

Ban je taron tsofaffin soja ba. Ba zan ƙara zuwa ba. Ba wanda ya aiko ya tambayi dalili.

Asabar, 28 ga Mayu, da la'asar

Alayyafo ya fito, huɗu-huɗu, kamar an buga da hatimi. Na cire waɗanda suka yi yawa. A gidan karas na ƙirga goma sha tara, na zare uku. Malamin gona ya ce wanda ya ji tausayin cirewa ba zai girbi komai ba.

Na gwada keken da buhun dawa a kansa, wanda na aro daga Malam Muntaka. Ya shiga, ya juya a gaban rijiya, ya fito bai taɓa bulo ba. Malam yana kan katanga yana kallo.

Ya ce, "Buhu dai ya ji daɗi, bai yi ƙorafi ba."

Na ce, "Haka ake so."

Ya ce, "Ka gaya mata?"

Na ce, "Za ta gani da idonta ranar Lahadi ta sama."

Ya ce, "Manjo, a bariki ka saba ka yi umarni a ce maka an ji. Mata ba kurata ba ne." Ya sauka daga katangar bai jira amsa ba. Da ma ba ni da niyyar ba shi.

Na je kasuwa neman reshen shuwaka don gidan kusurwa. Na samu a wurin wata mata, ganyensa ya fi na da faɗi. Na dasa.

Laraba, 1 ga Yuni, da safe

Beatrice ta aiko direban motar Bena ya gaya mini ta gyara ɗaki, ta sa ƙarfen riƙewa a jikin bango. Ba a jira Lahadi ba ke nan.

Jumma'a, 3 ga Yuni, da yamma

Na daddaɓe hanyar da jar ƙasa, na share. Na wanke keken har ƙafafunsa. Ta ce, "Shuwaka," ta daɗe tana kallona. Na fita na duba igiyoyi.

Lahadi, 5 ga Yuni, bayan sujada

Zan rubuta shi bi da bi, kamar rahoto.

Sun zo su biyu. Beatrice ta ɗaura wa uwarta ɗankwalin zumunta, ni na ɗora ta a keke da hannuna. Na yaye zana. Beatrice ta ce, "Kai, Baba!" kuma ba da ba'a ta faɗa ba. Na tura keken a hankali. Uwar Ishaya ta miƙa hannun hagu, ya sauka kan alayyafo ba tare da ta sunkuya ba. Ta murza ganye ɗaya ta kai hanci. Ta taɓa tumatir na layin baya, hannu ya kai. Na ji Ishaya yana ce wa ƙanwarsa ƙasa-ƙasa, "Wataƙila mu bar ta zuwa Kirsimeti mu gani." Na ji da kunnena. Ina so a san cewa an faɗi wannan.

Mun kai tsakiyar hanya sai ta sa hannu ta riƙe ƙafar keken. Ban san akwai sauran ƙarfi irin wannan a hannun ba. Ta dubi katanga, ta dubi rijiya, kamar mai auna wuri, sannan ta dubi ƙasa, jar ƙasar da na daddaɓe.

Ta ce, "Ina take?"

Na nuna mata gidan kusurwa da sabon dashen. Na bayyana faɗin keke da faɗin hanya, da gidaje shida da za a rasa. Na yi bayanin a tsanake, babu kuskure a cikinsa. Ta bar ni na gama.

Ta ce, "Ta wa?"

Na ce, "Ta kasuwa ce. Iri mai kyau."

Beatrice ta ce, "Baba, ba dai ta Kaka ka sare ba?" Ishaya kuwa sai a lokacin ya fara waige-waige.

Uwar Ishaya ba ta yi kuka ba. Ta saki ƙafar keken, ta ɗora hannun a cinya, ta ce wa 'yarta, "Haɗa kayana." Da Hausa ta faɗa. Shekara arba'in da takwas ba ta taɓa yi mini maganar gida da wani harshe ba sai namu. Hausa ta baƙi ce a wurinta, da 'yan kasuwa.

Ba a kai ga juyawa a gaban rijiya ba. Da baya aka fito da keken. Fangali na biyu ba ta taɓa shi ba.

Litinin, 6 ga Yuni, da hantsi

Motar ta tashi. Na miƙa hannu in gyara mata matashi, Beatrice ta riga ni.

Laraba, 8 ga Yuni, da la'asar

Na cika sharaɗin da aka gindaya mini, ba wanda zai ce ban cika ba. Hanya ƙafa uku, fangali ƙafa biyu, ba tuntuɓe, ba hatsari. Alayyafo ya isa tsinka. Wa zai ci alayyafon gida takwas?

Alhamis, 9 ga Yuni, da safe

Malam Muntaka ya shigo ta ƙofa, ba ta katanga ba. Ya tambaye ni inda na zubar da itacen. Na ce juji, bayan katanga. Ya ce awaki sun cinye ganyen tun tuni, amma mu je. Muka tona, tsofaffi biyu cikin shara, yara suna kallo. Yawancin rassan sun bushe, suna karyewa kamar kara. A can ƙasa, inda laima ta riƙe, muka sami wani mai kauri. Ya kankare bawon da farce, ya ɗaga wajen haske.

Ya ce, "Akwai ɗan kore. Ba ni cewa za ya yi, ba ni cewa ba za ya yi ba."

Na yanka shi uku. Ya ce, "Gida na nawa za ka sa su, Manjo? Sai an duba tsari ko?"

Na ɗauki diga na fasa jar ƙasar a tsakiyar hanya, inda take a da. Kwana biyu na yi ina daddaɓe wurin. Na sa su ukun, na kewaye da ƙaya.

Yanzu keke ba zai wuce ba.

Lahadi, 12 ga Yuni, da yamma

Ishaya ya dawo daga Bena. Ya ce tana cin abinci, tana barci, ɗakin yana da iska. Na tambaya ko ta aiko da saƙo. Ya ce ta gaji. Ya ga ƙayar a tsakiyar hanya ya ce, "Baba, ai ka ɓata aikinka." Na ce masa ya zauna, ina da magana, kuma ina so ya kai wa ƙanwarsa ita yadda na faɗa. Ga ta nan, domin kada a rage ko a ƙara.

Na ɗaya, rassa uku da ke tsakiyar hanya ba sa cikin tsari, kuma na san ba sa ciki. Kada kowa ya gyara mini. Kada a matsar da su, kada a tona a duba ko sun yi saiwa.

Na biyu, duk wanda ya shigo gidan nan ya rufe ƙofar zana saboda awaki. Malam Muntaka ya riga ya ɗaure nasa tun ban roƙa ba.

Na uku, alayyafo da latas na kowa ne. Matan zumunta su zo su tsinka, daga gefe, ba tare da taka ƙasar ba.

Na huɗu, kada a gaya wa Uwar Ishaya komai game da rassan nan, ko da nufin faranta mata. An riga an ba ta amsoshi masu daɗin ji da yawa a gidan nan. Idan toho ya fito, ni da kaina zan karya reshe in sa a gwangwani in hau motar Bena, kuma ina roƙon Beatrice ta bar ni in shiga ɗakin. Idan bai fito ba, ni zan je in faɗa mata da bakina, da harshenmu, ko da ta amsa mini da Hausa.

Ban roƙi a dawo mini da ita ba. Wanda yake golmo ba ya tambayar ranar biki, noma yake yi har a kira shi. Wancan karon damina bakwai aka ɗiba mini, ina da ƙarfin yin goma. Wannan karon ban san nawa aka rage mini ba. Saboda haka, cikin girmamawa, ina neman haɗin kan 'ya'yana da maƙwabtana da jama'ar majami'a baki ɗaya a kan abubuwan nan huɗu, har zuwa lokacin da itacen zai nuna abin da ya yanke.

Yau kwana uku. Ba toho. Na ba su ruwa.